Gudun kilometir 80 a bayan birnin Pari, da turbobin ƙasar Arewa

  

A wanga wata za mu aje zancen taki da allurar dabbobi, mu leƙa wata ƙasa mu ga wani wasa. Wasan gudu ne. Wani za shi ce: Malam, ina ruwan mai gona da mai garke da gudun Nasara? Ku bi ni sannu. Daga Faransa zancen za shi taso, amma a bakin gonakinmu za shi sauka.

Mu fara da awo. Dogon gudun da duniya ta hi sani shi ne wanda a ke kira maraton. Tsawonshi kilometir 42 da metir 195. Wanga awo ya samo asali daga wasannin Olimpik da anka yi a birnin Landan a 1908. In kuna son ku gane tsawonshi, ku ɗauka kamar daga Dogon Dutsi zuwa Kore Mai Ruwa ne. Bisa kwalta a ke yin shi, cikin manyan birane. An yi irinshi a Yamai cikin watan Disamba na 2005, lokacin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci.

To, akwai mutanen da wanga bai ishe su ba. Suna gudun kilometir 50, ko 80, ko 100, ko hiye da haka. Kuma ba su son kwalta. Turba su ke bi, irin ta mai zuwa gona, cikin itatuwa, bisa tudu da gangare. Mu sa mishi suna dogon gudun daji.

Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda a ke kira EcoTrail, na birnin Pari, babban birnin Faransa. An fara shi a 2008. Cikin watan Maris anka saba yin shi, lokacin da sanyin ƙasarsu ya fara sauƙi. Akwai gajeru, amma wanda ya yi suna shi ne na kilometir 80. Wato ka tashi daga Dogon Dutsi ka je Kore Mai Ruwa, ka juyo ka komo Dutsi, duk rana guda, da ƙafa. In an haɗa masu dogo da masu gajere, mutum hiye da dubu 10 ke hitowa. Da samari, da mata, da masu farin gemu.

Ba daga tsakar birni a ke tashi ba. Wani wuri ne mai tabki da itatuwa, yamma da birnin, sunanshi San Kantan. Daga can su ke kamo hanya. Su shiga wanga daji su hita, su ƙetare titi, su faɗa wancan. Su bi ta dajin Medon, su bi ta lambun San Kulu, kana su gangaro bakin kogin Sen su shigo birni. Kusan dukan tahiyar bisa ƙasa ce. In an yi ruwa, taɓo har idon sawu. Yankin ba shi da manyan duwatsu, amma tudu da gangare ba su ƙarewa. In ka tara dukan hawan da mutum za shi yi, ya kai wajen metir 1,500.

Ƙarshen gudun kuwa, ga dariya ga tausayi. Kun san doguwar hasumiyar ƙarhe ta Efel, wadda a ke gani cikin hotuna, wadda anka gina a 1889. A yawancin shekaru, sai mai gudu ya hau matakalarta, taki hiye da 300, ya kai bene na farko, metir 57 daga ƙasa, kana a rubuta ya iso. Mutum ya yi kilometir 80, gwiwa na rawa, a ce mishi saura hawa!

Ku ɗauko alli da allo mu yi lissahi. Mutum mai lahiya, in ba shi da kaya, shina cin kilometir 5 cikin awa guda. 80 a raba da 5, 16 ke nan. Awa 16, ba zama, ba hutawa. To, masu shirya gudun wajen awa 13 kaɗai su ke ba mutane. Wanda ya iso wani zango bayan lokaci, nan gudunshi ya ƙare. Ke nan tahiya kaɗai ba ta kai mutum, sai ya haɗa da sassarfa. Na gaba-gaba kuwa wajen awa 6 su ke yi, wani lokaci ma ba su cika ta ba. 80 a raba da 6, ya ba mu 13 da ƴan kai. Kilometir 13 kowace awa, har awa 6 a jere. Amalanken jaki da ƙyar shi ke yin rabin haka.

Cikin dokokinsu akwai wadda makiyayi za shi ji, shi ce: ai wagga tamu ce. Kowa shi ke ɗaukar guzurinshi a baya. Ruwa litir ɗaya da rabi, da ɗan abinci, da moɗarshi ta shan ruwa, da wani siririn mayahi na tare sanyi, da hitilar da a ke ɗaurawa a goshi, don da rana a ke tashi, kuma galibinsu dare ke riske su cikin daji. Zangunan da a ke ba da ruwa da abinci kaɗan ne. Kahin a kai na farko, sai an wuce kilometir 20. Wanda bai iya tattalin gorarshi ba, shi ya jiyo. Haka yaron da ke bin shanu daga rijiya zuwa makiyaya ya koya tun shina ɗan shekara goma, ba wanda ya rubuta mishi bisa takarda.

Akwai wata doka kuma, wadda ni ke so a karanta da ƙarhi a bakin kasuwa. Kowane mai gudu na da ƴar jakar zuba shara. Wanda anka kama ya yar da leda ko takarda cikin daji, ana hukunta shi, har a kan hid da shi daga gudun. Mu nan, ku dubi ƙaya da ke bayan kowane gari, ta yi baƙi da leda kamar hankaki sun sauka. Mahauta sun san abin da su ke tararwa cikin tumbin akuya. Ƙasarmu ta yi dokar hana irin wagga leda tun 2014, amma har yau ga ta nan cikin gonaki.

Mine ne ribarsu? Galibinsu ba su samun komi sai ƴar riga da lambar tunawa. Su ne ma ke biyan kuɗin shiga, kuma ba kaɗan ba. Mutane ne da ke wuni zaune cikin biro, mota ta kai su, mota ta maido su. Jiki ya yi nauyi, zuciya ta gaji da bango huɗu. Sai su biya kuɗi su sayi gajiyar da mu mu ke samu kyauta. Na san za ku yi dariya, ni ma na yi. Amma kada dariyar ta yi yawa. Ku dubi samarinmu na cikin gari. Wani ko kasuwa za shi, sai ya tsaida kabu-kabu. Ciwon sukari da hawan jini, da a da mu ke jin labarinsu daga nesa, yanzu sun shigo gidajenmu.

In zancen ƙafa ne, ba mu da abin jin kunya. Kakanninmu fatake da ƙafa sunka riƙa zuwa Gwanja ɗauko goro. Da ƙafa anka riƙa koro jakai da gishirin Foga. Alhazan dauri da ƙafa sunka nuhi gabas, wasu shekaru su ke yi bisa hanya. Har gobe, Hillani na tashi da shanu daga Dallol Mawri da damina su yi arewa, su komo da kaka. Mata na tashi da asuba da ƙwaryar hura ko nono a kai, su ci kasuwa, su komo gida kahin magariba. Ba mai busa musu usur, ba mai rubuta awa nawa sunka yi.

Kuma in kun duba, da yawa cikin gwanayen gudu na duniya ɗiyan ƙauye ne irinmu. Abebe Bikila na ƙasar Habasha, ɗan makiyayi ne. A 1960, a birnin Rum, ya ci maraton na Olimpik ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15. Haile Gebrselassie, shi ma Bahabashe, shina yaro kilometir 10 shi ke gudu zuwa lakkol, 10 komowa. A ƙasar Maroko akwai gudun rairayi da anka fara a 1986, wajen kilometir 250 cikin mako guda, kowa da abincinshi a baya. Lahcen Ahansal, wanda ya tashi cikin gidan makiyayan hamada, ya ci shi sau 10.

Mata, ku matso, ga naku. A ƙasar Meksiko, cikin watan Afrilu na 2017, wata budurwa mai kiwon awaki da shanu, Lorena Ramírez, ƴar shekara 22, ta shiga gudun daji na kilometir 50. Mutum wajen 500 sunka shiga, daga ƙasashe 12, da takalmansu masu tsada. Ita da siket ta zo, da takalmin taya, irin wanda a ke yankawa a kasuwanninmu. Ita ta zo ta ɗaya cikin mata, cikin awa 7 da minti 3. A ƙasar Nepal kuma akwai Mira Rai, wadda ta tashi tana ɗaukar ruwa da buhun shinkafa bisa duwatsu. A 2014 ta shiga gudun kilometir 50 bisa tuddan da ke kewaye da birnin Katmandu, ta ci. Da shekara ta kewayo, ta je Faransa ta ci na kilometir 80 a dutsen Mon Bulan.

Ƙasarmu ma ta ga irin waɗanga mutane. Cikin watan Nuwamba na 2006, mutum uku, ɗan Amurka da ɗan Kanada da ɗan Taiwan, sunka tashi daga bakin teku a Senegal da gudu. Sunka ratsa Muritaniya da Mali, sunka shigo Nijar, sunka bi ta Agadas da Tenere, sunka wuce Libiya. Cikin Fabrairu na 2007 sunka isa Bahar Maliya a Masar, bayan kwana 111. Duniya ta yi ta mamaki, har silima anka yi. Sun cancanci yabo. Sai dai mu tuna, Teneren nan ayarin gishiri ke ratsa ta kowace shekara zuwa Faci da Bilma, kuma masu jan raƙuma rabin tahiyar a ƙasa su ke yin ta.

Kada dai mu cika baki. Juriyar tahiya dabam, tsere dabam. Waɗancan gwanaye sun samu mai koya musu, sun samu abinci, sun yi shekaru suna horo. Yaron da ya kwana da kunu ba shi tsere da wanda ya ƙoshi. Abin da ni ke cewa kawai, irin na nan, ba a shuka shi ba ne. Muna girmama ƙarhin ɗan kokowa, tun da anka fara kokowar ƙasa a Tawa a 1975, kuma jiharmu ta Doso ta sha ɗauko takobi ta hannun Issaka Issaka. Amma mai ƙafa ba shi da makaɗi.

Yanzu ga inda ni ke son mu tsaya mu yi tunani. Ni ba ƙafar mutanen Pari ta ba ni mamaki ba. Hanyarsu ce. Birnin da kewayenshi na da mutum wajen miliyan 12. Ƙasar gina gida a can ta hi zinariya tsada. Ƙaƙa anka yi har yau a ke samun turba ta kusan kilometir 80, cikin itatuwa, a bakin irin wanga birni?

Ba sa'a ba ce. Dazuzzukan nan a da wurin farautar sarakunansu ne. Da sarauta ta wuce, gwamnati ta riƙe su, ba ta raba su ba. Dajin Medon kaɗai ya kai wajen hekta 1,100, kuma gidaje sun kewaye shi, amma ba mai ikon shiga shi kafa tubali. Akwai ma'aikatan daji masu tsaronshi. Bayan wannan, tun 1947 masu son tahiyar ƙasa a Faransa sunka fara sa ma turbobi alama. Layi fari, layi ja, bisa itace ko bisa dutsi. Ƴan sa kai ne ke bi suna sabunta alamar in ta dushe. An zana hanyoyin bisa taswira, an ba su lamba. Hanyar da ke da alama, ke da lamba, kuma dubban mutane ke bi, wuyar ci gare ta. In wani ya tare ta yau, gobe ƙara ta kai wurin magajin gari.

Haka abin shi ke a birnin Kap, can ƙarshen Afirka ta Kudu. Tun 2014 a ke gudun kilometir 100 bisa Dutsen Tebur da duwatsun da ke maƙwabtaka da shi, birni na ƙasa ana hangenshi. Ya yiwu ne don tun 1998 anka maida dutsen gandun gwamnati.

Mu komo gida. Yamai ma an yi mata irin wanga tanadi. A 1965 anka fara shuka mata ɗamarar itatuwa, galibi dogon yaro, don tare iska da ƙura. An tsara ta kai wajen hekta 2,500, tsawon kilometir 25, faɗin kilometir guda. Da ta tsaya yadda anka tsara, da yau babban birninmu na da wurin da za a yi irin gudun Pari ƙarƙashin inuwa. Amma wanda ya je Yamai ya gani. Yanki mai yawa ya zama gidaje, wani ya zama juji, wani an sare. Tun 1975 mu ke shuka itace kowace ranar 3 ga Agusta. Shuka ba ta yi mana wuya ba, tsaro ne ya gagare mu.

Kada mutanen ƙauye su ce wanga laihin ƴan birni ne. Mu ma muna cin namu. Dattawa, ku faɗa ma yara gaskiya: burtalin da ke bayan garinku, yadda kunka san shi kuna samari, haka shi ke yau? Inda garke ke wucewa a baje, yanzu saniya biyu ba su jerawa. Bana mai gona shi ƙara kunya guda, baɗi shi ƙara biyu. Na ƙetare shi ga haka, shi ma shi matso. Shekara goma, hanya ta zama zare. A wani gari da na karantar, turbar da mata ke bi zuwa rijiya anka wayi gari an shuke ta da gero. Duk daminar nan sai da sunka riƙa kewayawa da tulu a kai, tahiyar ta kusa ninkawa. Ba wanda ya yi magana, don mai gonar babba ne a garin.

Ban ce mugunta ce kaɗai ba. Mun yi yawa. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ƴan kai a Nijar. Ta 2012 ta samu miliyan 17. Gonar da uba guda ya noma, yau ɗiya biyar ke rabonta. Saura ta ƙare, ƙasa ta gaji. Mai iyali ya dubi rumbu ya dubi burtali, sai zuciya ta raya mishi. Na gane wannan. Amma kunya ukun da ya ƙara ba ta cika mishi ko dami biyu, alhali in hanya ta toshe, garke ba shi da hiffike. Cikin gona za shi faɗa. Daga nan sai sanda, sai takobi, sai gidan likita, sai gaban alƙali. Makiyaya ma akwai masu nasu laihi, masu sakin dabba da dare da gangan, ko masu ba ƙaramin yaro garken da ya hi ƙarhinshi. Wanda ya san abin da ya faru a Toda, cikin jihar Maraɗi, a watan Oktoba na 1991, inda mutum hiye da 100 sunka rasa rayukansu, galibi mata da yara, ba shi ɗaukar faɗan gona da garke abin wasa.

Doka kuwa akwai ta. Tun ranar 2 ga Maris 1993 ƙasarmu ta kafa dokar ƙasar noma da kiwo. Ita ta haifar da kwamitocin da mu ke kira Kofo, na gunduma, na komin, har na gari. A ranar 20 ga Mayu 2010 anka ƙara dokar kiwo, wadda ta ce tahiya da dabbobi haƙƙin makiyayi ne, kuma burtali da makiyaya dukiyar ƙasa ce, ba ta wani mutum guda ba. A wurare da dama an kafa turakun siminti a gehen burtali. Amma turke ba shi da baki. In ba mai bi, ba mai dubawa, dare guda ya isa a tumɓuke shi ko a matsar da shi.

Shi ya sa ni ke kawo shawara, ga magadan gari, da sarakuna, da ƙungiyoyin matasa, har da ƴan fada masu shan shayi. Mi za shi hana mu yi namu gudun daji, sau guda a shekara, bisa burtali da turbobinmu? Dogon Dutsi ba Pari ba ce, amma tana da abin da Pari ba ta da shi. Ga Tozon Bijini da sauran duwatsu tsaye bisa gari. Ga fadama, ga rairayi, ga gawo cikin dallol. Tibiri ma na da nata. Ba sai mun fara da 80 ba. A fara da kilometir 10 na yara da mata, da 20 ko 30 na samari. In abin ya zauna, a ƙara.

Akwai wata dabara da za mu iya ara daga birnin Hon Kon, can ƙasar Sin. A 1981 sojoji sunka fara wata tahiya ta kilometir 100 bisa duwatsun bayan birnin, daga baya anka buɗe ta ga kowa. Mutum huɗu-huɗu a ke shiga, an ba su awa 48, kuma a kowane zango sai sun iso tare a ke rubuta su. Mai sauri dole shi jira mai rauni. To, mu a ce kowane huɗu, biyu manoma, biyu makiyaya. Wanda kunka sha gora guda da shi bisa hanya, ya jira ka da ƙaya ta soke ka, da wuya ka zare mishi takobi da kaka.

Amma babbar ribar tun kahin ranar gudu za a same ta. Ba a gudu bisa hanyar da ba a duba ba. Dole maigari, da rugga, da garso, da mutanen Kofo su bi ta da ƙafa, taki-taki. Inda turke ya faɗi, a tada shi. Inda gona ta shigo, a gani da ido, gaban kowa, a yi magana da rana tsaka. A sa alama bisa itace da dutsi. Baɗi a sake bi. Ba kuɗi mai yawa a ke bukata ba: farar ƙasa, da randunan ruwa a zanguna, da amalanke guda na bin baya don wanda ya kasa. Lada kuwa, ko tunkiya ce, ko turmin atamfa, ya isa. Inda hukuma ta ce hanya ba lahiya, a bar wurin, a zaɓi turbar da ke kusa da gari.

Lokacinshi shi ne sanyi, Disamba ko Janairu, bayan ranar sakin gonaki da hukuma ke tsaidawa, don kada mai gudu shi taka amfanin wani. Kada kowa shi kwaikwayi mutanen Pari shi ce Maris. Maris ɗinsu sai da rigar sanyi, namu kuwa bazara ce, zahi na kai awo 40. A tashi da asuba bayan salla, a gama kahin rana ta take. A sha ruwa kaɗan-kaɗan tun ba a ji ƙishirwa ba. Mai zufa da yawa gishiri shi ke zubarwa, don haka a haɗa irin ruwan da a ke ba yaro mai zawo: litir guda na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Hura mai ruwa-ruwa da dabino sun isa guzuri. Wanda ya ji jiri, ko ya fara magana ba kan gado, a tsaida shi ko ba shi so, a kai shi inuwa, a jiƙa mishi jiki, a nemi likita. Mai ciwon zuciya, da mai zazzaɓi, da mace mai ciki, su tsaya wurin taɓi. Kuma kada wanda bai taɓa gudu ba shi tashi rana guda shi ce 30 za shi yi. A fara da 3, a koma 5, ana ƙarawa mako-mako. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga aikin gida na wanga wata, ga kowace makaranta. Takin babban mutum wajen 1,400 ke yin kilometir guda. Ku zaɓi turba guda ta garinku, ta rijiya ko ta kasuwa, ku ƙidaya takinta, ku maida shi kilometir. Sa'an nan ku je burtalin da ya hi kusa da ku da igiya, ku auna faɗinshi a wuri uku. Ku tambayi dattijo guda na manoma da guda na makiyaya yadda faɗinshi shi ke a da. Ku rubuta sunan garin, da abin da kunka auna, da abin da sunka ce. Ku ba malaminku takardar shi aiko mana, za mu buga waɗanda sunka iso da wuri.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.